Amsar da Malam Sabo bai ji ba

Ina wankin babur ranar Alhamis Habu ya kira ni, ya ce Malam Sabo ya rasu a gidansu na Farin Dutse da ke Gwaram, bayan zazzaɓin da duk muka raina. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yafe mini, haushi ne ya riga hawaye zuwa.

Tare muke koyarwa a Birnin Kudu, mu uku, ni da shi da Habu. Shi ya koya mana wasan nan na kan tebur, inda mutum guda ke ba da labarin wata duniya, sauran kowa ya riƙi halitta ɗaya yana magana da bakinta, a jefa ƙwayar lido a ga yadda za ta kaya. Ni ya ba ni halittar dutse, wadda ba ta barci, ba ta da uwa, ba ta tsufa. Zaman farko na sa ta gaida sarkin labarin da ina kwana, ina gajiya. Malam Sabo ya ajiye ƙwayar ya ce, "Wanda bai taɓa kwana ba, ina ruwansa da kwanan wani? Wannan kai ne, Isa, ka shafa toka kawai."

Haka muka yi ta fama. In ta ji kunya, ya ce ɗan'adam ce. In na mayar da ita gunki, ya ce to wa zai so tafiya da ita? Taurin kai gare shi, amma shi ke kawo mana dafaffiyar gyaɗa, kuma bai taɓa bari na tashi da fushi ba.

A zamanmu na ƙarshe, abokin tafiyar halittata ya mutu cikin labarin. Ya tambaye ni me za ta yi. Na ce ta'aziyya, ya girgiza kai. Na roƙi ya ba ni zuwa Asabar.

Na kuwa samo amsar. Ba za ta yi kuka ba. Za ta ci gaba da hirar da suka fara, tana yin shiru a duk inda ya kamata ya amsa. Asabar ta same mu a zaman makokinsa. A hanyar dawowa daga Gwaram na tsinci kaina ina faɗa masa amsar a kan babur, sannan na yi shiru ina jira. Na san abin da zai ce: wannan ma kai ne, Isa.

Allah ya jiƙan Malam Sabo, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba mahaifiyarsa Inna da iyalinsa haƙurin rashi, ya raya abin da ya bari. Mu da muke jiran amsa, Allah ya kyautata namu ƙarshen.