Umoru Mai Ɗori a Hanyar Tamale

A Alabar, cikin zangon Kumasi, babu wanda bai san Umoru mai ɗori ba. Kakansa ya zo daga Sakkwato tare da fataken goro, shi ya bar wa gidan wannan sana'a. Ko ɗan dako ne ya faɗi da buhu, ko sa ya take mahauci, gidan Umoru ake nufa. Ba shi da yawan magana. Sai ya shafa, ya ja, ya ɗaure da karare.

Ɗansa guda ne, Seini, mai koro shanu daga arewa. A damunar shekarar da aka sami 'yancin kai, wani direban lori mai suna Brimah ya yi sallama, ya ƙi ko zama.

"Baba, sa ya soki Seini a Tamale. Ƙashin cinya ya fito waje. Yana asibiti, na ji ana batun yanke ƙafar."

Umoru ya miƙe. "Ƙafar ɗana? Ina raye? Sai na riga su."

"To sai jirgin sama, Baba. Wanda ya hau da hantsi, a Tamale zai yi azahar. Mota kuwa, da ruwan nan, sai yadda Allah ya yi."

Bai taɓa ganin jirgi a ƙasa ba, amma ya nufi filin jirgin. Akawun wurin ya ce na yau ya cika, wani kuma sai cikin mako. Umoru ya tuɓe hularsa, ya durƙusa gaban akawun, yaron da bai kai Seini shekaru ba.

"Ɗana, ko cikin kaya ka sa ni. Ba ni da nauyi."

Akawun ya kawar da kai, ya ce ba shi da iko.

Haka ya hau lorin goro, ya zauna bisa huhuna. Bayan Atebubu motar ta kafe a laka, suka wuni suna turi. Da suka isa Yeji, kogi ya cika ya batse, jirgin fito ya daina aiki, motoci sun yi jerin gwano a bakin ruwa. Umoru ya bi masunta ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, har wani tsoho ya ji tausayinsa ya haye da shi a kwalekwale. Daga can ya taka da ƙafa, kafin wata mota ta ɗauke shi zuwa Salaga, wata kuma ta ƙarasa da shi Tamale.

Da ya shiga asibitin, ya tarar da Seini kwance, mayafin ya lotsa a inda ƙafarsa ta dama take a da.

"Baba, na yi ta ce musu su jira ka."

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ciwon ya riga ya ruɓe, da an jira, gawa zai tarar. Umoru ya ga irin wannan ruɓar a baya, ya san gaskiya ta faɗa. Ya zauna a ƙasa, ya kifa kai a bakin gadon, ya yi kuka.

Da raunin ya kame, ya komo da ɗansa gida. A bakin kogi ma shi ya goya shi zuwa cikin jirgin fito. Daga baya Seini ya zama dillali a kasuwar shanu, yana dogara sanda. Umoru ya ci gaba da ɗori har tsufa, sai dai duk wanda aka kawo da ƙashi a waje, ba ya taɓa shi. Da kansa yake tare mota ya raka shi asibiti.