Gwangwanin Kabait a Kebbe

Mijina mai walda ne. Shekara biyu da samun 'yancin kai ya dawo Tambuwal daga Kaduna da sana'ar, ya kafa rumfa bakin hanyar Sakkwato. Akwai wani dutse mai launin toka da ake kawo masa cikin gwangwani, wai shi kabait. In ruwa ya taɓa shi sai ya hau tafasa yana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Iskar ce yake kunnawa ya liƙe ƙarfe. Garmar shanu, keke, kwanon awon gyaɗa, duk wurinsa ake kawowa. Ni dai ban taɓa son warin ba. Yakan biyo shi har cikin ɗaki.

Da damina ta uku, motar wani ɗan kasuwa ta karye a Kebbe, aka aiko a zo da shi.

Na ce, "Malam, ka bari ruwan ga ya ɗauke mana."

Ya ce, "Kwana biyu ne, in sha Allah."

Ruwa ya dake su a hanya, ya sami wata 'yar kafa ya shige gwangwanin kabait ɗin da ya tafi da shi ba wanda ya sani. Da suka isa, murfin ya ƙi buɗuwa. Malam ya sa kurfi, ƙarfen nan na sara, ya buga da guduma. Direban motar ya ce ƙarar fashewar gwangwanin har kasuwa an ji ta.

Wan mijina ne ya zo ya gaya mini, ina tsakar surfe. Muka kama hanya. Inda mota ta kafe a laka muka sauka muka taka da ƙafa. Na iske shi kwance a zauren wani malami, an shafe masa fuska da magani, ba gemu, ba gira. Da yatsun ƙafarsa na shaida shi.

Ya ce, "Ke ce? Wa kika bar wa yara?"

Na ce, "Inna."

Ya ce, "Ki ce su buɗe ƙofa, duhu ya yi yawa."

Ƙofar a buɗe take, rana tsaka. Na dubi wansa, ya sunkuyar da kai.

An kai shi asibitin Sakkwato, fatar ta warke, idanun ba su dawo ba. Ya koma tufkar igiya a ƙofar gida. Mutanen ƙauye da ba su ji labari ba sun daɗe suna zuwa da karyayyar garma a ka. Ni nake fita in sallame su.