Gado da Sansa Mai Jin Fito

Duk wanda ya taɓa shayar da dabba a rijiyar garinmu, can arewa da Isawan, ya san Gado. In bai san fuskarsa ba, to ya san fitonsa. Rijiyar gaba arba'in ce, ba ta janyuwa da hannu. Gwafa huɗu ne kafe a bakinta, kowace da mai ita, kowace da dabbar da ke jan wasaki, wannan ƙaton gugan fata da ke cika kwamin shayar da dabbobi a zubi biyu. Sauran ukun mutum biyu-biyu suke aiki, ɗaya a bakin rijiya, ɗaya yana jan akalar dabba har can nesa. Gado kuwa shi kaɗai ne, sai wani jan sa da yake kira Ɗan Ja.

Fito uku yake yi masa. In ya ja dogo, sa ya kama hanya da igiya. In ya yi gajeru biyu, sa ya tsaya cak, daidai lokacin da wasaki ya leƙo bakin rijiya. In ya yi wani mai lanƙwasa kamar kukan tsuntsu, sa ya juyo yana tafe yana tuƙa. Wurin mahaifinsa ya koyi haka, kuma a wannan gwafar mahaifin ya tsufa. Mu da muka tashi a garin, da fiton Gado muke sanin hantsi ya yi.

Matarsa Uwani ce kaɗai ba ta son abin.

"Maigida, fito kiran mutanen ɓoye ne. Wata rana za su amsa maka."

"In sun zo su kama mini igiya," in ji shi.

To, wata safiya a ƙarshen bazara, yana alwala, ya guntsi ruwa zai kurkure baki, sai ruwan ya tsiyaye ta gefen dama ya jiƙa masa riga. Ya sake guntsa, ya sake zubewa. Uwani ta dube shi ta saki tsintsiya. Bakin ya karkace hagu, idon dama a buɗe ya ƙi rufuwa, hawaye na bin kunci.

"Ba na faɗa ba? Sun mare ka!"

Ya daure ya tafi rijiya a haka. Ya ɗaura wa Ɗan Ja igiya, ya tattara leɓe, ya busa. Iska kawai ta fita, fuuu. Sa na tsaye yana kaɗa kunne yana jira.

Yahaya, taubashinsa mai gwafar gabas, ya zo ya kama akalar san don ya taimaka. Ɗan Ja ya bi shi, amma da aka ce tsaya bai san wannan yaren ba. Ya wuce, wasaki ya daki gwafa, ruwa ya koma rijiya duka. An gwada sau uku, na ukun igiya ta kusa tsinkewa.

Allah Ya taimaka damina ta faɗi, tabkuna suka cika, rijiya ta huta. Damina sukutum Gado ya yi ta cikin hayaƙin turare da shan rubutu, rawani naɗe har hanci. Ba ya cin abinci gaban mutane, don fura ma zubo masa take yi. Da aka yi girbi, dattawa suka kira shi gindin gawo, suka yi masa magana a hankali. Garken Fulani da na Buzaye za su sauko da zarar babban tabki ya ƙafe, ba za a bar gwafa ɗaya a zaune ba. In zuwa lokacin bai iya aiki da sansa ba, za a ba wani wurin.

Ɗiyarsa Ramla, da ke aure a Tasawa, ita ta aiko da moto aka ɗauko shi. Lokotoron da ya duba shi ya ce jijiyar da ke motsa ɓarin fuska ce ta kumbura ta kwanta, kuma da an zo a kwanakin farko da akwai ƙwayoyin da za su rage abin. Ya ba shi maganin ɗigawa a ido, ya tura shi wurin wani matashi mai suna Maman Sani, kine, wato mai aikin motsa jiki.

Maman Sani ya zaunar da shi, ya miƙa masa madubi.

"Baba, ɗaga gira. Runtse ido. Cika kumatu da iska. Yauwa. Yanzu yi mini fito."

Gado ya ajiye madubin. "Ɗana, fito ne magani?"

"Yana cikin manyansu."

"To sai ka rubuta mini a takarda da tambarin likita, in kai wa Uwani."

Wata uku ya yi a gidan Ramla. Safe da marece yana gaban madubi, yana murza kunci da yatsu daga haɓa zuwa kunne kamar yadda aka nuna masa, yana zuƙar ruwa da karan gero mai rami, yana hura balan-balan. Yahaya ya zo dubiya ya iske shi da jan balan-balan ɗaya a baki.

"Kai! An ce kana jinya, ashe talla ka zo birni. Nawa-nawa?"

"Bawa, zauna a ƙasa kafin ka gaida ubangidanka," in ji Gado, ya yi dariyarsa ta ɓari ɗaya. "Ya Ɗan Ja?"

"Ya yi ƙiba, ya raina kowa. Tabki kuwa ya koma rabi."

Ido ya fara rufuwa, gira ta fara ɗagawa. Amma kusurwar leɓen dama ta saki, ta yi laushi kamar bakin tsohuwar salka, duk iskar da ya tara nan take sulalewa. Maman Sani ya ce akwai wata lokotoro a Maraɗi da ke yin wata allura ga masu irin wannan, ya rubuta masa takarda.

Da ya je Maraɗi, matar ta yi masa bayani dalla-dalla. Sunan abin kolajen. Za ta zuba shi kaɗan-kaɗan cikin naman leɓen da ya saki, ya cika, na sama da na ƙasa su haɗu. Ba ya tada jijiya, kuma ba ya dawwama, cikin ƴan watanni jiki zai shanye shi.

"Kamar tsinken da ake cusa wa ƙotar hauya in ta yi sako-sako," in ji Gado.

"Haka, Baba. Tsinke ne. Noman kai za ka yi, kada ka bar motsa fuskar ko kwana ɗaya."

"Da me ake yin shi?"

"Wannan daga fatar shanu aka tace shi."

Gado ya ce, "Shekara arba'in ina shayar da su. Ashe sun sani."

Ta fara yi masa ɗan gwaji a damtse, ta ce ya dawo bayan wata guda a ga ko jikinsa ya karɓa. Wannan watan ya fi masa damina tsawo, don duk wanda ya zo daga gida labarin tabki yake kawowa. Da ya koma aka yi allurar, leɓe ya kumbura kwana uku, Ramla na ce masa ango. Rana ta huɗu ya sha fura kwano guda, ko ɗigo bai taɓa rigarsa ba. Ya fita bayan gida ya gwada fito. Ya fito, amma siriri, a shaƙe, ba irin wanda muka sani ba.

Ya iso gari tabki ya zama taɓo, garken farko har ya sauka. Da hantsi ya jawo Ɗan Ja bakin rijiya, dattawa na zaune, Uwani na tsaye nesa da tulu. Ya ja dogon fito. Sa bai ko ɗaga kai ba. Ya sake. Shiru. Wani ya yi gyaran murya.

Sai Gado ya saki igiyar wasaki, ya taka wurin san, ya dafa tozonsa, ya kai baki daidai kunnensa. Ya yi masa fiton nan siriri, yana tafiya tare da shi, ya yi gajeru biyu ya tsaya, ya yi mai lanƙwasa ya juyo. Haka suka wuni, suna kai da kawowa kan turbar igiya kamar masu koyon tafiya. Dattawa suka ce a ba shi kwana uku, Yahaya ya ce shi zai shayar da rabon gwafar kafin nan.

Rana ta uku Gado ya tsaya a gwafar mahaifinsa, ya busa. Ɗan Ja ya karkata kunne ɗaya, ya ja numfashi, ya kama hanya. Igiya ta miƙe. Da wasaki ya leƙo, gajeru biyu, sa ya tsaya cak. Uwani ce ta fara rangaɗa guɗa, ita da ta ce fito kiran mutanen ɓoye ne.

Allurar ta narke kafin damina, kamar yadda aka faɗa masa, amma zuwa lokacin leɓen ya koyi riƙe iska da kansa. Bakin dai bai miƙe sarai ba har yau. Rani uku ya ƙara a gwafarsa kafin a gina mana famfo mai aiki da hasken rana, rijiya ta koma ta ranar da famfo ya lalace.

Ɗan Ja ya tsufa, Gado ya ƙi sayar da shi. In ka bi ta ƙofar gidansu da hantsi za ka iske shi da madubinsa yana ɗaga gira, san na kwance gindin aduwa. Wani lokaci yakan yi masa mai lanƙwasar nan, tsohon sa ya yunƙura ya taso ya zo, ba igiya ba wasaki.