Sunan Yaya Haruna ne har yau ke buɗe ruga

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayana Haruna makwancinsa a Tambuwal. Na so in yi wannan waiwaye cikin sanyin rai, amma abin da na ji ya faru a daminar bana ya hana ni. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Yaya Haruna shi ne shugaban ayarin masu yi wa shanu allurar rigakafi a wata ƙungiya da ke aiki a yankin Kebbe. Yana da wata al'ada da muke yi masa dariya a gida: bai taɓa barin sabon ma'aikaci ya shiga ruga shi kaɗai ba. Sai ya hau babur, kuma cikin baburan ƙungiyar wanda ya fi lalacewa yake zaɓa wa kansa, ya raka mutum har gaban Arɗo. A gaisa, a sha nono, a tambayi lafiyar garke. Sannan ya dafa kafaɗar ma'aikacin ya ce, “Arɗo, wanga ɗana na. In ya yi daidai naku na, in ya ɓata ku neme ni.” Ranar nan ko allura ba a fitarwa. Muna ce masa ɓarnar mai yake yi, shi kuwa ya ce zumunci a ƙafa yake.

In aiki ya ɓaci, shi ke tsayawa gaban manya ya sha faɗa, don ya yarda babba juji ne. Bayan haka ya ja mai laifin gefe, su biyu, ya wanke shi tas, ba wanda ya ji.

To, yau ayarin na hannun wani sabon shugaba da bai taɓa taka ko hanyar ƙauyen Fakku ba. Daga ofis yake mulki, da saƙon murya a waya. Bana ya tura Sanusi, magidanci mai 'ya'ya huɗu da aka ɗauka aiki kwanan nan, zuwa wata ruga bayan Fakku, shi kaɗai, ba wanda ya san shi. Wane makiyayi zai miƙa wa baƙo wuyan saniyarsa? Suka ba shi ruwa, suka sallame shi. Maimakon shugaban ya tambayi dalili, sai ya yi masa tatas a zauren hirar waya da dukan ma'aikata ke ciki, ya kira shi rago, ya ce in bai yi wa garken allura kafin makiyayan su tashi ba, ya nemi wani aiki.

Me Yaya Haruna zai ce da ya ji wannan? Na san ba zai yi dogon zance ba, makullin babur zai nema. Wanda ya tura mutum inda shi kansa ke ƙyashin zuwa, sannan ya tozarta shi a bainar jama'a, ba shugaba ba ne, mai kujera ne kawai.

Malam Ɗahiru, tsohon abokin aikin yayana, shi ya kasa haƙuri. Da ciwon gwiwarsa ya goya Sanusi a babur, suka ratsa taɓo har rugar. Ɗahirun ne ya ba ni labarin. Arɗo ya daɗe yana kallon Sanusi, sannan ya ce, “Wanga ɗan wa na?”

Ɗahiru ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Ɗan Haruna na.”

Arɗo ya yi wa mamacin addu'a, ya sa aka koro shanu. Sanusi bai rasa aikinsa ba. Shugaban kuwa ya aika wa manya saƙo cewa tsarinsa ya yi nasara.

Yaya Haruna bai bar gidan bene ba, babur ɗin ma ya daɗe da mutuwa. Amma mutumin da ke kwance a kabari shekara bakwai shi ne ya ceci abincin 'ya'yan Sanusi, mai rai yana zaune ƙarƙashin fanka. Allah ya jiƙanka, Yaya. Har yanzu kai ke jan ayarin nan.