Gwaggo Sai-Jibi da Ƙafar Baba

A asibitin unguwarmu babu wanda bai san Sai-Jibi ba. Ƙanwar babana ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tsakanina da ita ne ƙafar Baba ta hagu ta kusa salwanta. Amma kafin in kai ga ƙafar, sai kun san matar.

Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin gwaji, wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, gaba da inda ake wanke zannuwan gado. Marasa lafiya ne suka laƙaba mata sunan. Ka kawo fitsari ko jini ko mugunyar ƙurji, ka tsaya bakin tagarta kana tambayar yaushe sakamako zai fito, amsar ɗaya ce: "Sai jibi." Ka ce jiki ya matsa, ta ce sai jibi. Ka ce kai ƙanin wane ne, ta dube ka ta saman tabarau ta ce ƙwayar cuta ba ta san wane ba.

Ni tela ce, ni nake ɗinka mata farar rigar aiki, don haka nakan shiga ɗakin in na kai ɗinki. Warin ruwan wanke ƙasa ne yake fara tarbarka, sai ƙarar firji, sai wani akwatin ƙarfe mai ɗumi da take buɗewa a hankali kamar mai tsoron tashin jariri. A ciki akwai ƙananan farantan roba masu murfi, an jera su bisa juna.

"Noma nake yi," ta ce da ni wata rana. "Sai dai ni maƙiyi nake shukawa."

Ta nuna mini yadda abin yake. Za ta shafa abin da mara lafiya ya kawo a kan faranti, ta sa a akwatin ɗumi ya kwana, ƙwayar cutar ta tsiro. Kashegari ta ɗebe ta ta shafa a wani farantin, ta ɗora 'yan takardu zagayayyu kamar maɓallin riga, kowacce da maganin da aka jiƙa ta da shi, ya sake kwana. Maganin da yake kashe cutar, za ka ga fili fes ya zagaye takardarsa. Wanda cutar ta raina kuwa, har jikin takardar take tsirowa. Kwana biyun ke nan da mutane suke zaginta a kai.

Da rula take auna filin. Ta ce lokacin da ta fara aiki, filin wani magani da ta nuna mini ya kai faɗin murfin kwalba. Yanzu da ƙyar yake kai farcen ƙaramin yatsa, wani lokaci ma babu shi sam. A idonta abin ya riƙa tsukewa, shekara bayan shekara, tun kafin masu bincike daga jami'a su fara zagaya ƙananan asibitoci suna karɓar ƙwayoyin da suka daina jin magani. Da suka zo wurinta, ta buɗe musu firji suka tarar ta daɗe tana adana masu taurin kan a 'yan kwalabe, kowacce da ranarta. Su ne kuma suka kawo wani inji da yake gano cutar tarin fuka cikin awa biyu. Nas-nas suka yi ta tsokanarta cewa sunanta ya mutu.

"Injin tambaya ɗaya ya iya amsawa," in ji ta. "Sauran kuwa, sai jibi."

Abin da ya fi ɗaga mata hankali shi ne shan magani barkatai. Duk wanda ya zo tagarta sai ta tambaye shi: "Ka sha wani abu kafin ka zo?" In ya ce a'a, ta sake tambaya. In ya rantse, ta ce ya tuna dai, ko guda ɗaya ne da maƙwabci ya ba shi. Dalilinta shi ne maganin da aka sha rabi da rabi yakan kwantar da cutar ta ƙi tsirowa a faranti, alhali tana nan da ranta a jikin mutum, tana ma koyon yadda za ta jure shi.

A gida kuwa ba tambaya take yi ba, faɗa take yi. In ta zo, kafin ta gama amsa gaisuwa hannunta ya kai durowa. Ta taɓa zazzage ragowar kafso a masai a gaban matar yayana, ta yi mata wankin babban bargo har baiwar Allah ta yi kuka. Gaskiya ce take faɗa, ban musa ba, amma gaskiyar Gwaggo da duwatsu take zuwa. Sai muka koyi abin da duk mai mafaɗaciyar gwaggo yake koya: da an ji sallamarta, a kawar da abin da za a kawar.

Baba kafinta ne, kuma yana da ciwon suga shekara goma sha. Tun rasuwar Mama ni nake kula da shi. Wata Talata ya taka ƙusa a shagonsa, gindin babban yatsa, bai ma ji ba sai da ya cire takalmi ya ga jini. Ya ce ɗan abu ne. Bayan kwana uku wurin ya kumbura ya yi ja. Ina da ragowar kafso bakwai da likitan haƙori ya rubuta mini watannin baya, na daina sha da haƙorin ya lafa, na ɓoye su cikin gwangwanin zare. Na ɗauko na ba shi, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Tausayi ne ya sa ni, da kuma ƙyuyar layin asibiti, ba zan ɓoye wannan ba.

Ya haɗiye na farko ya dube ni yana murmushi. "Kada dai gwaggonki ta ji."

Kumburin ya ɗan saɓe, muka yi murna. Ranar da kafson suka ƙare, da yamma zazzaɓi ya rufe shi, kashegari da safe muka tafi asibiti. Gwaggo da kanta ta fito daga ɗakin gwaji da tsinken auduga a hannu, abin da ba ta yi wa kowa. Ta durƙusa gaban yayanta ta shafo bakin ciwon. Ni kuwa ina tsaye ina jiran tambayar nan da take yi wa kowa sau uku.

Ba ta yi ba. Nas ce ma ta ɗauki biro za ta cike takarda, ta ce, "Ya sha wani magani?"

"Rubuta babu," in ji Gwaggo, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wannan gidanmu ne. Gidanmu ba a wannan shirmen."

Da alfahari ta faɗa. Na dubi Baba, Baba ya dubi silin. Kalma ɗaya ce ta rage in furta, amma na bar nas ta rubuta babu. Ina da shekara talatin da huɗu a lokacin, da 'ya'ya biyu, amma tsoron faɗan Gwaggo ya fi mini tsoron ciwon Baba. Har yau in na tuna sai na ji haushin kaina.

Jibi ya zo, faranti ya fito kusan fes, ba abin da ya tsiro sai ɗan abin da ba a kulawa da shi. Likitan matashi ne, ya so ya fara wa Baba allura mai ƙarfi saboda sugan. Gwaggo ta ce ba a harba babban magani a kan farantin da babu kowa a ciki, da haka ake lalata shi. Wa zai ja da matar da ta fara aiki tun kafin a yaye shi? Aka wanke ciwon, aka naɗe, aka gyara maganin suga, aka ba mu wasu ƙananan ƙwayoyi muka koma gida.

Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido. Bayan kwana biyar babban yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya fara bi, ɗakin Baba ya ɗauki wani wari da turare ba ya rufewa. Jan ya haura idon sawu. Aka ba shi gado. Likitan tiyata, wani dattijo marar yawan magana, ya zaro biro ya ja layi a ƙaurin Baba, kamar yatsa huɗu sama da inda jan ya tsaya.

"In ya wuce nan," ya ce, "za mu yanke daga ƙasan gwiwa. Ina faɗa muku tun yanzu don kada ku ce ban faɗa ba."

Kafinta da ƙafa ɗaya. Mutumin da yake taka katako da ƙafar hagu yana yanka da zarto tun kafin a haife ni.

Da azahar na bi baranda har ƙarshe. Na tarar da Gwaggo zaune ita kaɗai, takardar sakamakon Baba a gabanta, ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ban taɓa ganin fuskarta babu tabarau a wurin aiki ba, sai ta yi mini kama da Baba ƙwarai.

"Na bi komai daki-daki," ta ce, kamar da kanta take magana. "Farantin sabo ne. Ɗumin akwatin daidai yake. A ina na kuskure?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Gwaggo, ya sha magani. Ni na ba shi."

Na sunkuyar da kai ina jiran saukar aradu. Firji yana ta ƙararsa. Can ta mayar da tabarau, ta jawo takarda.

"Wane iri?"

Na faɗa.

"Guda nawa? Yaushe ya sha na ƙarshe?"

Na faɗa. Ta rubuta, ta tashi ta wuce ni zuwa wurin likitan tiyata. A yammacin aka shiga da Baba aka kwashe ruɓaɓɓen naman, ta tsaya a kan masu aikin sai da aka ɗebo mata daga can cikin ciwon, ba daga baki ba. Likita ya fara wata allura bisa hasashe, tunda ba a zauna hannu rabbana ba. Daga nan sai jira.

Matar da ta shekara talatin tana sa mutane jira, ban taɓa ganin wanda bai iya jira ba kamarta. Ta je ɗakin gwaji, ta dawo ta ɗaga zanen gado ta auna jan da yatsunta, ta koma. Kashegari saura yatsa biyu ya kai layin biro. Baba, da zazzaɓinsa da komai, bai fasa tsokana ba.

"To, ƙanwata, yaushe sakamakon namu?"

Ta gyara masa matashi ta ce, "Yaya, sha ruwa."

A safiya ta biyu ta kira ni ɗakin, ta ɗaga farantin saitin taga. Takardu shida. Huɗu cutar ta tsiro har jikinsu, cikinsu har da allurar da aka kwana biyu ana yi masa. Ta biyar tana da ɗan siririn fili kamar zare.

"Maganin da kika ba shi ke nan," ta ce. "Sumar da ita ya yi, bai kashe ta ba."

Ta shida kuwa fili ne fes ya zagaye ta. Ko rula ba ta tsaya ɗauka ba, da farantin a hannu ta fita, tana sauri irin wanda ban san tana da shi ba. Kafin la'asar an canza allura. Jan ya tsaya saura yatsa ɗaya, ya yini biyu a nan kamar mai shawara, sannan ya fara ja da baya. Ƙafa ta tsira. Yatsu biyu dai an cire su, babban da na kusa da shi.

Ranar da aka sallame mu, ina naɗe kayan Baba ta kira ni baranda. Na ce yau dai bashin faɗan zai sauka, kuma na shirya, har so nake ya sauka ko na ji sanyi. Ta jingina da bango tana kallon zannuwan da aka shanya.

"Bare ina tambayarsa sau uku," ta ce a hankali. "Yayana ko sau ɗaya ban tambaya ba, don na ɗauka na gama koya muku. Ashe shekara talatin ina faɗa, abin da kuka koya a wurina shi ne yadda za ku ɓoye mini."

"Gwaggo, laifina ne."

"Kin ɗauki yatsa ɗaya," ta ce. "Ɗayan nawa ne."

Daga haka ba ta sake tayar da zancen ba har ta ajiye aiki bara. Na yi kuka a barandar nan, ita kuwa ta koma ɗakinta, don akwai mutane a bakin taga.

Baba ya koma shago bayan wata huɗu. Yana ɗan karkata in yana tafiya, kuma da ƙafar dama ya koyi taka katako. Takalminsa na hagu yana yi masa yawa ta gaba, saboda haka kowace safiya kafin ya fita nakan durƙusa in cusa auduga a wurin da yatsun suke a da. Ya zura ƙafa, ya taka sau biyu, ya ce, "Ƙara kaɗan ta gefen nan." In ƙara.