Ƙurajen Jambaki

Har in koma ga Allah ba zan manta da abin da autata ta yi mini ba, shekarar da ƙarambau ya zagaye unguwarmu a Haɗejiya. Da wata 'yar ƙara abin ya fara, ƙaras, murfin jambakina ya faɗi a uwar ɗaka.

Lokacin tana 'yar shekara shida, ba ta daɗe da warkewa ba. Ta sha gata a jinyar nan: ba makaranta, ba aike, kullum kakarta na aiko mata da soyayyen kifi daga Auyo. Ina leƙawa sai ga hajiyar taku zaune, tana tsoma tsinken tsintsiya a jambaki tana ɗiga wa ƙafafunta. Ta marairaice ta ce ciwon ne ya dawo. Na yi dariya har da hawaye, na wanke ta, na tura ta Islamiyya.

Bayan 'yan kwanaki na sake ganin jajayen ɗigo-ɗigo a ƙwaurinta, ƙanana kamar an watsa garin barkono. Na ce lallai hannu ya ƙware. Ta rantse ba ita ba ce, ni kuwa na ɗauko soso da sabulu. Na dirza, na dirza, ko gezau. Da na saki hannunta, sai ga shatin yatsuna ya kwanta baƙi a damtsenta. Kafin azahar haɓo ya ɓalle, muka toshe, ya ƙi tsayawa.

Surukata, kakar tata, da ta zo duba ta, ta ce mataccen jinin ƙarambau ne, a kira wanzami ya yi mata ƙaho. Har an aika. Ni dai shatin yatsun nan ya tsaya mini a rai.

"Inna, ki yi haƙuri, riƙo kawai na yi ta zama haka. Ina ga aska?"

Sai ta miƙo mini mayafina.

A asibiti aka gwada jini. Likita ya ce ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare ne suka yi ƙasa sosai, wasu yara kan yi hakan bayan ƙarambau. Da na ambaci wanzami, sai ya ajiye biro ya dube ni. Aka kwantar da mu, ina ta istigfari. Alhamdulillahi, a hankali ƙwayoyin suka dawo daidai.

Tun daga nan na koyi cewa yaro ko ya yi maka ƙarya jiya, yau duba jikinsa kafin ka yanke hukunci.

Ranar sallama likita ya hana guje-guje, hawa bishiya, da duka. Ashe wannan na ƙarshen kaɗai ta riƙe. Muna shiga gida ta haye gadona ta miƙe ƙafa.

"Umma, kin dai ji, ko mintsini an hana. A gaya wa tsohuwar nan, wannan karon kifin manya nake so."