Maɓallai Takwas na Goggo

Kofi nawa na ruwa ka sha jiya? Kada ka ce "da yawa", faɗi lamba. Mutum goma sha ɗaya na yi wa wannan tambayar, ɗaya ce kawai ta amsa ba tare da kame-kame ba: Goggona, ƙanwar mahaifina. Bara war haka ita ma da ba ta da amsa.

Goggo tela ce. Shekara ashirin da uku ke nan tana kan keke ɗaya, a shago mai faɗin taku shida, madubi a bango, benci a bakin ƙofa. Da ɗinki miƙaƙƙe aka san ta. Masu kawo mata aiki cewa suke ko ido rufe layinta ba ya karkacewa.

Sai ga shi ya fara karkacewa. Da la'asar ta yi, kai ya ɗau ciwo, ido ya yi dishi-dishi, kwiɓin dama ya riƙe. A wata ɗaya riguna huɗu aka dawo mata da su ta farke. Ranar ta huɗun ta kifa kai a kan keke ta ce, "In tsufa ne ya zo, gara in rufe shagon nan da mutuncina."

Na lallaɓa ta muka je asibiti. Likita ya duba hoto ya ce 'yar tsakuwa ce a ƙoda.

"Mama, kofi nawa kike sha a wuni?"

"Ina shan shayi da safe."

"Ruwa nake tambaya."

Ni na amsa mata: biyu. Dalili kuwa banɗakin masu shaguna taku ɗari da arba'in ne daga kekenta, ita kuma ta tsani tashi aiki na hannunta. Ga ruwan famfon layin, in ya zauna a bokiti sai ka ga laka a ƙasa, duk ta ƙyamace shi. Likita ya rubuta magani, ya ce kofi takwas kullum, a tace a tafasa, ta dawo bayan wata uku. In tsakuwar tana nan, aiki za a yi mata, keke kuma sai ta huta da shi.

Washegari Goggo ta tashi da himma. Tela ba ya neman ƙyalle, ta jawo ragowar wani sabon yadi shuɗi, ta ɗaure bakin bokiti, ta zuba ruwa. Ruwa ya fito tas, ba laka ko kaɗan, amma shuɗi kamar an jiƙa bula. Maƙwabciyarta mai kitso ta leƙo, ta riƙe ciki.

"Mai Keke, ƙodar za ki rina ta dace da ɗankwalin?"

"Rufe min baki, ke da ko ruwan wanke hannu sai kin zo aro."

"To ai yau na ƙoshi, ki sha kayanki."

Daga nan aka gyara. Ta samo tsohon farin yadi na auduga wanda ya sha wanki, ta ninka huɗu, ta bi gefensa da ɗinki ta sa roba don ya kama bakin bokiti. Ruwa zai fara zama a bokiti har laka ta kwanta, sannan a tace, sannan a tafasa, ya huce a mazubi mai murfi. Ƙyalle datti yake tarewa, ƙwayoyin cuta sai wuta. Kullum da yamma ƙyallen zai sha wanki, da safe ya sha rana.

Saura shan. Na saita mata ƙararrawa takwas a waya, ƙarar keke ta cinye su duka. Kwana uku tana tsayawa a kofi uku. Dabarar da ta yi aiki tata ce. Ta ɗebo maɓallai takwas ta zuba a murfin gwangwani a hagun keke, ta ajiye wani murfin a dama. Duk lokacin da zaren ƙasa ya ƙare, ko ta gama hannun riga, ai dole ƙafa ta tsaya. Nan take sai ta sha kofi ɗaya, maɓalli ɗaya ya ƙaura dama. Ba a rufe shago sai hagu ya zama fanko.

Tafiyar banɗaki ta koma sau biyar a wuni. Mako na farko ta yi ta mita. A na uku ta ce, "Ka san bayana ma ya saki?"

A mako na tara tsakuwar ta fita, ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Likita ya sake hoto ya ce babu komai, sai dai kada a daina sha. Wata bakwai ke nan ba a dawo mata da riga ko ɗaya ba. Mai kitso ma yanzu tana da nata murafan biyu, kodayake har yau ƙyallen tacewar Goggo take zuwa aro.

Kai ma gobe da safe nemi maɓallai takwas, ko tsakuwa, ko murfin kwalba. Zuba su a hagunka, ka zaɓi abin da yake tsayar da hannunka a wurin aiki, ka ɗaura masa kofi ɗaya na ruwa mai tsabta. Da yamma ka ƙirga na dama. Gwada mako guda ka gani.